Muryar Ɗana a Hannun Wata

'Yata Mai Tabarau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ya aiki, ya zaman kaɗaici. Mu nan mun gode Allah. Gwiwata ta hagu ce kawai ke yi mini tsiya in na daɗe a kan keken ɗinki. Babanki ya leƙo ni shekaranjiya, ya yi mini faɗa wai na kulle kaina a ɗaki, kamar shi ne ubana ba yayana ba, ya sha shayinsa ya tafi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun rasuwar ɗana, yayanki, da kin kira ni na ji muryarki sai katinki ya ƙare a kan kukana. Takarda kuwa tana jira in share ido in ci gaba. Direban da ke bi ta wajenku ya ce zai riƙa kai miki yana karɓo mini amsa.

Kwalin kayansa da kika aiko daga ofis ya iso. Na ga kofinsa, da rigar sanyin da na rage wa hannu, da wani abin sawa a kunne mai ɗan ƙarfe da ke lanƙwasowa zuwa baki. Shi ne ya tsaya mini a rai. Na juya shi na juya, ban san me yake yi da shi ba. Sai na ga ashe ban ma san aikin da ɗana yake yi ba. Duk shekarun da ya yi a can, in na ce ya aiki, sai ya ce lafiya lau Umma. In na ce me kuke yi, sai ya ce gwaji. Maƙwabta in sun tambaye ni sai in ce gyaran kwamfuta yake. Ke da kuke ofis ɗaya, ki yi mini bayani yadda mai ɗinki za ta gane.

Sai tambaya guda. Wace ce doguwar matar nan mai baƙar jaka da ta zo da ku gaisuwa, wadda ta yi kuka har sai da ni na koma ina ba ta haƙuri? Matar mai shago ta ɗauka ƙanwata ce. Har yau abin bai fita raina ba.

Ki kula da kanki, ki rage kallon kwamfutar nan kafin tabaran su ƙara kauri.

Goggonki.

*

Goggona,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗin ganin rubutun hannunki. Ina lafiya. Gwiwar nan a riƙa hutar da ita, kuma Baba yana da gaskiya, ki riƙa fita ko bakin ƙofa ne.

Ga aikinmu. Kamfaninmu yana haɗa manhaja, wato irin abin nan da ake sa wa a waya, wadda mutum zai kama layin ganin likita yana zaune a gida. Wasu ne ke haɗa ta. Mu kuma masu gwaji, kafin a sake ta ga jama'a, sai mu shiga mu yi ta dannawa kamar mu ne marasa lafiyar, muna neman inda za ta karye. In mun gano, mu rubuta rahoto ga masu haɗawa su gyara. Kamar ki gama riga ki ba wani ya sa, ya ja kowane maɓalli, ya ɗaga hannu sama a ga ko hammata za ta yage kafin mai ita ta zo karɓa.

Matar da kika tambaya shugabar sashenmu ce. Duk ofis Umma muke ce mata, Yaya ma haka. Ta riƙe shi kamar ɗan cikinta. Lokacin da ya fara aiki ido gare shi, ba abin da ke wuce shi, amma duk rahotonsa bai wuce "ba ya aiki" ba. Masu haɗawa su duba a wajensu su ga yana aiki, su mayar masa su ce ɓata musu lokaci yake. Shi kuma kin san shi, sai ya haɗiye abinsa. Wata rana abin ya fita ga jama'a da matsalar a ciki, mutane suka je asibiti aka ce ba sunansu a layi. Aka tashi korarsa, alhali ya gani kuma ya faɗa, bai dai faɗa yadda za a gane ba.

Umma ce ta tsaya masa. Ta zaunar da shi ta ce tunda rubutu na yi masa nauyi, ya faɗa da baki. Ita ta saya masa abin kunnen da kika gani. Yana dannawa yana magana, kwamfuta tana ɗaukar abin da yake yi tare da muryarsa: ga abin da na danna, ga abin da na sa ran gani, ga abin da na gani. Goggo, ashe Yaya akwai magana. Har barkwanci yake sawa. Faɗan da ake yi tsakaninmu da masu haɗawa ya mutu, don ba wanda zai ƙaryata abin da ya gani kuma ya ji. Suka sa masa suna Malam A-Sake, saboda in abu ya karye sau ɗaya ba ya yarda, sai ya ce a sake. Yanzu duk wanda aka ɗauka sabo, sai an zaunar da shi da safe an kunna masa abin da Yaya ya naɗa, ya koyi yadda ake kai rahoto. Jiya na wuce ɗakin taro na ji muryarsa, na shige banɗaki na yi kukana.

Dokar kamfani ba a fitar da komai waje. Amma Umma ta ce in kina son a ba ki wasu daga ciki, za ta nemi izinin masu kamfanin. Ki gaya mini in kina so.

'Yarki.

*

Mai Tabarau,

Ina gaishe ki, ina fata kin tashi lafiya. Gwiwa da sauƙi, na samu man shafawa. Aiki ma ya ɗan dawo, an kawo mini kayan makarantar 'yan mata.

Na karanta takardarki, na gode da bayani. Aikin na gane shi sarai.

Amma Umma guda na san yana da ita, kuma ba ta da baƙar jaka. Ita ta riƙe shi kamar ɗan cikinta, ni kuwa cikina ne ya riƙe shi, babu kamar a ciki. Tana ina lokacin da ƙyanda ta fito masa, ina goye da shi ina taka keke? Tana ina da babansa ya rasu ya bar mu daga ni sai shi sai almakashi? Ta same shi da gemunsa, ta saya masa abin kunne, shi ke nan ta zama Umma. Lallai uwa ta yi araha a wajenku.

Kin ce yayanki akwai magana. Ni da na haife shi ban sani ba. Yaron da in ya zo hutu zai zauna a bakin ƙofar ɗakin ɗinki yana tsince mini zare a ƙasa, in yi ta zuba shi yana "uhm". Na ɗauka haka Allah ya halicce shi, na bar shi da halinsa, ban taɓa takura masa ba don kada ya ga na dame shi. Ashe maganar tana ciki, mabuɗin ne yake jakar wata. Har da barkwanci. Ni ko ɗaya bai taɓa kawo mini tsaraba ba.

Kin san wayarsa ta ragargaje a hatsarin da ya yi ajalinsa, tawa kuwa mai madannai ce, ba ta ajiye murya. Hotuna dai ina da su. To ga shi yaran da ba su taɓa ganinsa ba suna karyawa da muryarsa kowace safiya, ke ma kina wucewa ki tsinta a hanya kyauta, uwarsa kuwa sai an nemo mata izini.

Ki gaya wa Ummarku na gode. Ku riƙe abinku. Ban saba roƙon abin da yake nawa ba, kuma ba zan fara da tsufana ba. Abin da na ji a shekarun da Allah ya ara mini shi ya ishe ni.

Goggonki.

*

Mai Tabarau,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata lafiya ce ta kawo shirun nan. Ni lafiyata ƙalau. Babanki ya yi mura amma ya warware, har ya dawo da faɗansa.

Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, babu komai. Yanzu in ya hango ni a tasha sai ya fara duba tayar motarsa. Jiya ya ce, "Inna, yau ma babu, da akwai ai har gida zan kawo miki." Na ce masa ni zik na zo saya, hanya ce ta biyo da ni. Shi da ni duk mun san ba a sayar da zik a tasha.

Ko kin samu wata goggon a ofis? Tunda can ake rabon uwaye, ba mamaki akwai goggonni a ajiye.

Af, na tuna. Ƙaramin rediyon nan na yayanki mai cin memori, na ciro shi daga ƙarƙashin gado, na goge shi, na sa masa sabon batir. Mai shago ya gwada shi da nasa memorin ya ce yana yi ras. Yana nan a kan teburin yanka kusa da almakashi. Na dai gaya miki ne.

Goggonki.

*

Goggona,

Ina gaishe ki da kyau, ya gwiwa, ya jikin Baba. Ki yafe mini shirun. Takardunki duka sun iso. Mun saki sabuwar manhaja ne, ba Asabar ba Lahadi, in na dawo ɗaki ko takalmi ba na iya cirewa. Goggo guda nake da ita, kuma ko ana rabawa ba zan karɓi wata ba.

Na isar da saƙonki. Na ce wa Umma kin gode, kin ce abin da kika ji ya ishe ki, a riƙe. Ta tambaye ni ko haka kika rubuta da hannunki. Na ce haka kika rubuta. Ta ce to ba za mu takura miki ba, kowa da yadda yake ɗaukar rashi, wani ji yake so wani kuma ji ke fama masa ciwo. Ta riga ta fara nema miki izinin, sai ta koma ta gaya wa masu kamfanin cewa iyalin sun ce ba sa buƙata.

Sabuwar manhajar ta fita lafiya, matsala kaɗan aka samu. Masu haɗawa da kansu suka ce salon Yaya ne ya cece mu, don yanzu kowa haka yake kai rahoto, ba a ƙara jin "a wajena yana aiki" ba. Sai dai fuskar manhajar ta canza gaba ɗaya, abin da Yaya ya naɗa bai dace da ita ba kuma. Ni aka ce in naɗa sababbi don koyar da masu zuwa. Tsofaffin kuwa, da yake akwai bayanan asibitoci a jikinsu, masu kamfanin sun ce a goge su duka a ƙarshen wata.

Madalla da rediyon, zai ɗebe miki kewa wajen ɗinki.

'Yarki.

*

Mai Tabarau,

Lafiyata lau, tunda an tambaya.

Za a goge. Kin rubuta shi can ƙasan takarda kamar kina ba ni labarin an canza labulen ofis. Na karanta ina tsaye a tasha, sai da direba ya jawo mini benci.

Ummarku ai ta ƙoshi. Shekara da shekaru tana jin sa safe da yamma, yanzu ta cinye ta wanke tukunya don kada wani ya lasa. Da ɗan cikinta ne na gaske, za ta zauna a kujerarta a goge shi tana kallo? Nan ake gane kamar da gaske. Kukan da ta zo ta yi mini a tsakar gida, da ta adana shi ta kai wa masu kamfanin.

Ke kuma, rediyo zai ɗebe mini kewa. Sannu da karatu. Na zauna na goge rediyo na sa batir don in ji labaran duniya ne? Da kike ƙarama ana kawo ki hutu wajena, in kin ce kin ƙoshi idonki yana kan tukunya, na taɓa ɗauke kwanon? Ƙara miki nake yi in kawar da kai don kada ki ji kunya. Ban taɓa zuwa na ce wa babanki ga abin da ta faɗa da bakinta ba.

Shi ma na nuna masa takardarki. Ya gyara hula ya ce, to ke me kika ce mata? Na ce ya tashi ya ba ni wuri, jininku ɗaya.

Ku yi yadda kuka ga dama. Allah na gani.

Goggonki.

*

Goggona,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sanyaya miki. Ni ba zan ce ina lafiya ba, tun da na karanta takardarki ban samu sukuni ba.

Zancen tukunya ya shige ni. Aikin nan ya saba mini da ɗaukar magana yadda aka rubuta ta. A nan in mutum ya rubuta ba ya so, ba a zama a yi ta hasashen zuciyarsa, don hasashe shi ne ya kusa cin aikin Yaya. Na ɗauki takardarki kamar rahoton ofis, na manta goggona ce ta rubuta. Ki yafe mini.

Amma Goggo, ko wannan takardar kin rufe ta da mu yi yadda muka ga dama. Ina jin yanzu na gane abin da kike so. Sai dai "ina jin" ba ya buɗe ƙofar masu kamfani. Na je na samu Umma na ce mata na yi kuskuren fahimta. Ta ce dama zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta hau sama wajen masu kamfanin ta dawo, ta ce tunda an riga an gaya musu iyali ba sa so, ba za su saki komai ba sai mahaifiyarsa ta nema da rubutun hannunta. Ita za ki rubuta wa, ita za ta kai. Wata ya kusa ƙarewa, zuwan direba na gaba shi ne damarmu.

Ki rubuta yadda muke rubutawa, shi suka saba karantawa. Abin da ya faru, abin da kika sa ran zai faru, yadda abin yake cutar da ke, sai abin da kike so a yi. Kada ki ɗora wa kowa laifi. Umma takan ce rahoton da ya fara da zagi ba a karanta ƙarshensa, kowa kare kansa zai tsaya yi.

Abu ɗaya zan faɗa, ko za ki yi fushi. Ba ta ƙoshi ba. Tun rasuwar, in za a kunna wa sababbi, sai ta ba wani mabuɗin ɗakin taro ta sauka ƙasa ta tsaya wajen masu gadi har a gama. Ni ma yayana ne, Goggo. Ni aka ce in zauna a kujerarsa in yi magana a inda ya yi. Ba wanda ya ƙoshi a nan.

'Yarki.

*

'Yata,

Ina gaishe ki. Jiki da sauƙi. Kada ki sa damuwa a ranki har ki kwanta, ɗaya ya ishe ni rashi.

Takardu da yawa na yaga. Ta farko da "ke matar nan" na fara. Ta biyu na yi ladabi har tsakiya, sai alƙalamin ya kauce da kansa. Yanka yadin mutane mai tsada bai taɓa yi mini wuya haka ba. Wato abin da ta koya wa ɗana, yau ni ma ta zaunar da ni ta koya mini, ba tare da ta sake taka ƙofata ba. Ga ta nan a ƙasa, ki yanke daidai layin ki ba ta. Ban ce mata Umma ba, kuma ba zan ce ba.

Zuwa ga shugabar ɗana,

Assalamu alaikum. Ni ce mahaifiyarsa, mai ɗinki, wadda kika zo yi wa gaisuwa.

Abin da ya faru shi ne na fara manta muryarsa. Fuskarsa tana nan, ina da hoto. Amma in na rufe ido don in ji yadda yake sallama a bakin ƙofa, sai in ji muryar babansa, ko ta yayana. Tasa ba ta zuwa.

Na sa ran za ta zauna da ni har in bi shi. Ban san murya tana gogewa kamar alli a jikin yadi ba.

Yadda abin yake cutar da ni, in samari suna wucewa ta bayan taga suna hira, sai in tsayar da keke in kasa kunne ko wani zai yi kama da shi in tuna. Aiki ba ya gaba. Na ɗinka wa wata hannun riga a bai-bai, abin da ban yi ba tun ina koyo.

Abin da nake so, muryarsa. Ko me yake faɗa, ba sai na gane ba. Da na ce ku riƙe, ba gaskiya na faɗa ba, ina so. Ina roƙon ki ki roƙar mini su.

Ban ɗora wa kowa laifi ba, an ce haka ake yi.

Mahaifiyarsa.

To ga shi nan, Mai Tabarau. In akwai inda ba a gane ba, ban san yadda zan ƙara buɗe shi ba.

Goggonki.

*

Goggona,

Ina gaishe ki, a gaggauce nake rubutu, direba yana jira a ƙofar ofis yana danna mini oda. Ina lafiya.

Memorin yana cikin ambulan, na naɗe shi a takarda, ki buɗe a hankali.

Umma ta karanta a tsaye, ta ninke, ta hau sama wajen masu kamfanin. Ta daɗe. Mai shara ta ce ta ji tana karanta musu da ƙarfi. Sun yarda a ba da murya kawai ba hoto, kuma waɗanda ba a ambaci sunan asibiti a ciki ba. 'Yan kaɗan ne suka tsira. Ita ta zaɓa da kanta, ta sa abin kunne ta zauna ta saurare su ɗaya bayan ɗaya, karo na farko tun rasuwar. Sauran an goge jiya.

Mafi tsawo a ciki akwai muryarta, don ta shigo yana tsakiyar naɗi. Ta ce in yanke wurin kafin in aiko, ba za ki so jin ta a ɗakinki ba. Lokaci bai ba ni ba, kuma na daina yanke miki hukunci. In kina so a cire ta, ki rubuta mini a fili, zan gyara in sake aikowa.

'Yarki.

*

'Yata Mai Tabarau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ban san iyakarta ba. Ina lafiya, babanki ma yana lafiya yana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Saƙo ya iso da hantsi. Akwai wata a zaune tana jiran gwajin riga, na ce mata ta dawo gobe, ta fita tana ƙunƙuni. Na rufe ƙofar ɗakin ɗinki, na wanke hannu, ban san dalili ba. Memorin ya ƙi shiga, ashe a juye na sa.

Sai na ji an yi gyaran murya an ce, "To, bismillah, ga shafin farko." 'Yata, ta fi yadda nake zato kauri. Da a titi na ji ta, ina tsoron da na bar ta ta wuce. Ya yi ta bayani a natse, na danna nan, na sa ran zai nuna mini sunan likita, sai ya nuna mini fari fat. Ya ce a sake. Ya sake, ya ce, "Wannan shafin shi ma sai an kama masa layin ganin likita." Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki har na sarƙe. Rabin abin da yake faɗa ban gane ba, amma na gane yarona ya iya aikinsa, kuma ba ya wulaƙanta wanda ya yi kuskuren. Sai ya ce wataƙila daga wajena ne, a duba mini.

Na zo kan mai tsawon. Ana cikin tafiya na ji ƙofa ta buɗe, murya ta ce, "Malam A-Sake, tun safe ba ka sa komai a cikinka ba. Ajiye abin nan." Ya ce, "Umma, saura sau ɗaya." Kafin in ankara na ce na'am. Da ƙarfi na amsa, a ɗakin da ba kowa. Ita kuma ta ce masa sau ɗayansa na jiya ma har yanzu bai ƙare ba. Sai ya yi dariya. Irin dariyar nan mai fita ta hanci, rabona da ita tun yana ɗan makaranta.

Na kashe rediyon na zauna. Ba zan ɓoye miki ba, na ji zafi kamar allura ta shige ƙarƙashin farce. Na ce lallai a cire ta. Na mayar baya na sake ji, ina sa yatsa a kunne in ta fara magana in cire in ta gama. Sai dariyar ta zo haka kawai ba dalili, kamar ta wanda ya zautu. Ɗana kuwa ba ya dariya a banza.

To ga shi a fili yadda kike so. Kada ki yanke ta. Ki bar ta inda take.

Sai dai naɗin ya ƙare daidai nan, ban ji ko ya tashi ba. Ki gaya mata ba da tsawa ake sa shi cin abinci ba, ajiye masa ake yi kusa da hannunsa na dama a fita a ja ƙofa, in an dawo za a tarar da kwano wayam. Da ta tambaye ni da na gaya mata tuntuni.

Amma ki tambayar mini ita, tunda ita ce a wurin. Ranar nan ya ci? Me ya ci? In ta tuna, ta rubuto mini da hannunta, direba ya san gidan.

Goggonki.